Wane Kiɗa ne ya Dace da Kunnen Mai Murmurewa? Misalai Daga Kafanchan da Kewayenta

Gabatarwa

A ajin adabin baka an koya mana cewa kusan kowane kiɗan Bahaushe yana da aikin da yake yi. Akwai kiɗan fada, akwai na noma, akwai na maza kamar 'yan dambe da 'yan tauri da mafarauta, akwai na sana'a irin na maƙera da mahauta, sannan ga na mata da na jama'a. To amma a duk wannan rabe-rabe ban ga inda aka ware wa wanda ya tashi daga ciwo nasa kason ba, alhali kuwa ya fi kowa lokacin saurare. Wanda aka yi wa tiyata, ko wanda taifot ya kayar, ko mai karayar da aka ɗaure wa ƙafa, yakan yi makonni a kwance. Ido ba ya jure karatu, ƙafa ba ta zuwa ko'ina, kunne ne kawai ke aiki. Wannan 'yar maƙala za ta duba abin da ya kamata a zuba wa kunnen nan, kuma zan ɗauko misalaina daga Kafanchan da ƙasar kudancin Kaduna, inda na fi sani.

Na guje wa kalmar "majinyaci" da gangan, domin tana da baki biyu: a bakin wasu mara lafiyar ne, a bakin wasu kuwa mai kula da shi. Wanda nake nufi shi ne mai murmurewa, wato wanda ciwo ya sake shi amma ƙarfi bai gama dawowa ba.

Shin kiɗa yana yi wa jiki wani abu?

Mutanen da sun amsa wannan tambaya tuntuni. 'Yan bori ba sa girka sai da goge ko garaya. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin yadda Dawuda yake kaɗa wa Sarki Saul garaya har hankalinsa ya kwanta. A birnin Edirne na ƙasar Turkiyya kuwa, asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina aka kammala a 1488 ya yi suna wajen haɗa wa marasa lafiya magani da kiɗa da ƙarar ruwa.

Likitocin zamani su ma sun gwada. A shekarar 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 73 a kan mutum kusan 7,000 da aka yi wa tiyata. An ga cewa waɗanda suka saurari kiɗa sun fi samun sauƙin raɗaɗi da fargaba, kuma sun rage neman maganin kashe zafi. Sai dai kwanakin da suka yi a asibiti ba su ragu ba, ke nan kiɗa ba ya ɗinke rauni, rage wahalar jira kawai yake yi. Kafin wannan, a 2008, masu bincike a Helsinki ta ƙasar Finlan sun kasa mutum 60 masu shanyewar ɓarin jiki gida uku: wasu kiɗan da suke so, wasu littattafan saurare, wasu kuwa ba a ba su komai ba. 'Yan rukunin kiɗa ne suka fi farfaɗowa wajen riƙe kalmomi da tattara hankali.

Binciken da ya fi yi mini amfani shi ne wanda aka buga a 2006, aikin wasu likitocin Italiya da Ingila. Sun gano cewa saurin kiɗa, ba nau'insa ba, shi ne ke ɗaga numfashi da bugun zuciya da hawan jini. Da aka tsayar da kiɗan na minti 2, sai jiki ya lafa fiye da yadda yake kafin a fara. Daga nan na ɗauki ma'aunina na farko, wato sauri. Na biyu kuwa nawa ne, daga abin da na gani a ɗakunan jinya: sabo.

Ma'aunin sauri

Mafi yawan kiɗanmu an yi shi ne don zuga. Waƙoƙin Ɗan Anace na dambe aikinsu su tsuma namiji ya shiga fage, gangar noma kuwa ta hana manomi ɗaga kai daga kunya. Haka ƙahoni da manyan gangunan da ake ji a bikin Afan na Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu. Duk abin alfahari ne, amma wanda ɗinki bai kame ba ba ya bukatar abin da zai sa jininsa tafasa. A ajiye masa su sai lokacin da likita ya ce ya fara takawa yana zaga tsakar gida. A nan ne za su yi rana.

A makon farko na fi son murya ɗaya da abin kiɗa ɗaya. Gurmin Haruna Uji na Haɗeja yana da taushi, ba ya cika ɗaki. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya fi gurmi kaifi da sauri, sai dai maganganunsa kan halin ɗan Adam suna ba mai kwanciya abin juyawa a rai wanda ba ciwonsa ba. Wanda ba ya son kiɗa sam, ga Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda ake rerawa da murya zalla. Shata fa? Kalangunsa ba na barci ba ne, amma amshin da ke dawowa bayan kowane ɗa yana ba hankali wurin hutawa, don haka na sa shi a mako na biyu. Barmani Coge kuwa a yi hattara da ita, domin mai ɗinki a ciki idan dariya ta kama shi, shi kaɗai ya san abin da ya ji.

Ma'aunin sabo

Nan ne Kafanchan take da abin koyarwa. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927 yake tara baƙi, ga kuma 'yan ƙasa: Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Kaninkon, ga Hausawa da Fulanin masarautar Jama'a. A ɗakin asibiti guda sai a iske harsuna biyar ko shida, Hausa ce ke haɗa su. Saboda haka babu jerin waƙoƙi ɗaya da zai yi wa kowa.

A gidajen Kirista, waƙar mai murmurewa sau da yawa da ƙafa take zuwa. 'Yan Zumuntar Mata sukan je gaida mara lafiya su rera masa abin da ya sani tun yana yaro. Tun da mishan ta SIM ta sauka a Kwoi a 1910 Hausa ta zama babban harshen ibada a yankin, har aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ɗalibin harshe ya kasa kunne a nan, domin iri biyu zai ji. Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce da aka ɗora a kan karin Turawa, shi ya sa wani lokaci karin waƙar yakan hau inda karin sautin kalmar ya sauka. Waɗanda matan suka ƙaga da kansu kuwa jagora da amshi ne, da tulun da ake bugun bakinsa da kuma caki, sun fi kusa da yadda ake magana. Sautin tulun nan mai zurfi ne, ba ya sukar kunne, kuma a ganina yana cikin mafi dacewa da ɗakin jinya. Matasa kuma sukan fi karkata ga mawaƙa irin su Solomon Lange da Jeremiah Gyang, ko Chris Delvan Gwamna haifaffen Kagoro.

A gidajen Musulmi abin da aka fi kunna wa mara lafiya shi ne karatun Alƙur'ani, wanda ba a lissafa shi cikin waƙa, sai Ishiriniya da waƙoƙin bege su biyo baya.

Akwai kuma abin da waya da rediyo ba su cika ba da shi ba. Na taɓa zaman jinyar wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta ƙare rayuwarta tana ciniki da Hausa a kasuwa. Da jiki ya yi rauni, ba ta kula duk abin da muka kunna mata ba, sai da ƙanwarta ta zauna bakin gado ta ɗauko waƙar niƙa da harshen Jju. Nan take leɓɓanta suka fara motsi. Irin waɗannan waƙoƙi na niƙa da daɓe da reno, na Jju da Tyap da Hyam, kaɗan ne aka naɗa, masu riƙe da su kuma tsufa suke yi, injin niƙa ya riga ya kori dutse. Ɗalibin da ya je hutu da waya a aljihu zai iya naɗo goma a yini guda, ya sami abin kundin digiri, gidansu kuma su sami abin sa wa tsohuwa ranar da aka bukata.

Yadda za a kunna

A tambayi mai ciwon tukuna, kada mai jinya ya kunna abin da shi yake so. A rage ƙara, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi awa 40 a mako a ma'aunin ƙara 80, abin da ya haura haka yana cin kunne. A ɗakin da ake kwance da jama'a a yi amfani da iyafis. Garin da ya ɗanɗani rikici tun 1987 ya san cewa waƙar da ke sanyaya zuciyar wani tana iya takura ta gadon kusa. Kada kuma a bar kiɗa ya wuni yana tafiya, a riƙa ba shiru nasa lokacin bayan kowace waƙa biyu ko uku. Mai ciwon kai ko wanda magana ma ke damunsa, a naɗo masa zubar ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya, ko a buɗe masa taga idan ruwan Agusta ya sauko a kan kwano.