Mai ko tsumma: me ke hana algaita tsagewa a hunturun Karu?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan sauka Abuja da ƙura da bushewa. A Karu, kamar maƙwabtanta Nyanya da Jikwoyi, leɓɓa kan tsage, ƙyauren katako ya saki. Kayan busa na itace ma ba su tsira ba: algaitar da ake busawa a biki da naɗin sarauta, da kilarinet, baƙar sarewar Turawa da ake gani a hannun 'yan badujala. Idan jikin algaita ya tsage, iska ta riƙa yoyo, murya ta shaƙe, to mabushi ya yi asarar aikin da yake ciyar da iyali da shi. Wannan ne ya sa da yawa ke garzayawa ga mai. Shin man yana magani?

Sai an fara sanin dalilin tsagewar. Numfashin mabushi yana da ɗumi da laima. Cikin bututun yakan sha laimar ya kumbura, alhali bayansa na bushe yana takurewa. Wannan ja-in-ja ce ke raba itacen, galibi kusa da ramukan yatsu ko wurin haɗi.

Aikin mai a nan ɗaya ne: yana rage saurin da itace ke shan ruwa. Ba ya ɗinke tsaga, ba ya gyara murya. Ko a Turai, maƙeran kilarinet ba su zama baki ɗaya a kansa ba. Wasu na ba da shawarar a shafa jefi-jefi, wasu na ganin babu buƙata. Dalili kuwa, akasarin kilarinet na ƙwararru ana yin su ne da baƙin icen da ake kira mpingo a Tanzaniya, ice mai nauyi da ke da maiƙonsa na halitta. An shigar da shi cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobi a 2017. Kilarinet na roba, irin na masu koyo, ba ya bukatar mai sam.

Wanda zai shafa, ya ɗiga kaɗan a tsumma ya zura a ciki, sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan itacen ya bushe sarai. Masu gyaran kilarinet sun fi amfani da man almon. Man girki yana iya ɓaci ya yi danƙo, ya kama ƙura. A kiyaye kada mai ya taɓa fatun da ke toshe ramukan kilarinet, ko ɗan karan da ake sa wa baki.

Abin da ya fi mai tasiri bai kai shi tsada ba. A goge cikin bututu da busasshen tsumma bayan kowace busa. A cire karan baki ya sha iska. Kada a bar kayan a rana ko cikin motar da aka rufe. Da sanyin asuba, a ɗumama shi a hannu ko a hammata kafin a busa. Da damina kuma, a riƙa buɗe jaka don kada fatar da ta rufe algaita ta yi fumfuna.

Mabushin da ya riƙe tsumma kullum ya fi wanda ke tuna mai ranar da murya ta canza.