Makarantar Kasuwanci Ta Jami'ar Bayero: Ina Rabonmu Mu Mata?

A shekarar 2018 Alhaji Aliko Ɗangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ta Kano wani katafaren gini da ya ci naira biliyan 1.2, domin makarantar koyon kasuwanci wadda ke ɗauke da sunansa. A can ake karatun digiri na biyu kan sarrafa kasuwanci. A jami'ar kuma akwai cibiyar da ke koyar da harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci, inda ake nazarin mudaraba da murabaha, wato hanyoyin juya dukiya ba tare da kuɗin ruwa ba.

Kina iya cewa, "Malama, ina ruwan mai tuyar ƙosai da jami'a?" Da ruwanki, 'yar'uwa. A ajin matan aure da nake koyarwa, da wuya ki samu wadda ba ta sana'a: ɗinki, turaren wuta, zoɓo, kayan miya. Amma kukan ɗaya ne, jari ya karye. Idan aka bi diddigi, sai a tarar ba asiri ba ne, rashin lissafi ne.

Tushen abin da ake koyarwa a irin waɗannan makarantu bai fi ƙarfinki ba. Na farko, ki san ainihin abin da kika kashe. Mai ƙosai takan lissafa wake da mai, ta manta kuɗin niƙa, itace, leda da ladan guminta. Na biyu, ki raba uwar kuɗi da riba. Ranar da cefane ya shiga gwangwanin jari, ranar sana'a ta fara ciwo. Na uku, ki rubuta bashi, ko na ƙanwarki ne. Kin san dai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Sai batun 'ya'yanmu mata. Idan yarinya ta nuna basirar lissafi, kada a ce karatun kasuwanci na maza ne. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce mai tura fatake Sham. Muna buƙatar akantoci da manajoji mata masu tsoron Allah, waɗanda mace za ta zauna da su ta faɗi sirrin jarinta ba tare da jin nauyi ba. Iyaye da mazaje, a taimaka a ba su dama.

Ke kuwa Uwargida, kafin wata mai kamawa ki sayi ɗan littafi da biro. Shafi ɗaya abin da ya fita, ɗaya abin da ya shigo. Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.