Kitso a kai, bashi a wuya

A Maraɗi da Damagaram, a Tawa da Yamai, gyaran kai ya zama wani ƙaramin haraji da mata ke biya wata bayan wata. Ga wadda ake bi bashi kuwa, ƙofar salon ta zama wurin fargaba: in ta shiga aljihu ya koka, in ta ƙi shiga baki ya bi ta. To, ina mafita?

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da wuya a sami gida a birane wanda babu littafin mai shago, ko zubin adashe, ko ragowar kuɗin ankon bikin bara da ke jiran a biya. Idan aka zauna lissafin inda kuɗi ke tafiya, akan ambaci hatsi da shinkafa, kuɗin haya, kuɗin kuran da na ruwa, magani da lakwal ɗin yara. Abu guda ne ba a cika faɗi da ƙarfi ba, wato kuɗin kai. Maigida na ganin ƙaramin abu ne, uwargida kuma na jin nauyin faɗin gaskiyar abin da ta kashe. Amma duk wadda ta ƙuduri aniyar fita daga bashi, dole wata rana ta dubi wannan ƙofa da kuɗi ke zurarewa ta cikinta.

Daga tabarmar makitsiya zuwa kujerar salon

Kitso tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A da, makitsiya na zaune a tsakar gidanta bisa tabarma, da tsinken kitso da ɗan kaskon man shanu. Mace ta tsefe kanta a gida, ta wanke da sabulun salo ko karkashi, ta je a yi mata zane ko shuku ko doka, ta ba da abin da ya sawwaƙa. Sau da yawa ma babu kuɗi a tsakani: ya ta kitsa wa ƙanwa, maƙwabciya ta kitsa wa maƙwabciya, gobe a rama.

Salon ya zo da wani tsari dabam: kujera da madubi, kask na busar da kai, shampo, man miƙe gashi da ake kira defirizan, sai kuma meshi, gashin roba da ake ƙarawa. Kusan duk waɗannan kaya daga waje suke. Zaren Kanekalon da ake yin meshi mai yawa da shi na kamfanin Kaneka ne na ƙasar Japan. Sunaye irin su Darling da X-Pression da suka cika kasuwanni, daga masana'antun ƙasashen bakin teku irin su Nijeriya suke shigowa, ta Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ko Magarya, kafin su kai babbar kasuwar Maraɗi, kasuwar Dole ta Damagaram ko Wadata ta Yamai. Ke nan duk abin da ya taɓa kuɗin ƙasa ko iyaka, sai ya taɓa kan mace.

An ga haka sau biyu a fili. Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo a daidai lokacin da ma'aikatan gwamnati ke bin bashin albashi na watanni. Haka kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke kuran da take bayarwa, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Salon da babu kuran, kask ɗinsa ya zama kayan ado. Mai salon da ta tada janareto kuwa, a kan wa za ta fanshe kuɗin esansi in ba kan mai zuwa gyara ba?

Lissafin da ba a son yi

Ga misali, kowace mai karatu ta sa farashin garinsu a madadin wannan. A ce mace na zuwa salon sau ɗaya a wata: meshi jikka 3, ladan hannu jikka 3, wanki da mai jikka 1, kabu-kabu zuwa da komowa sefa 500. Jimla 7,500 a wata, 90,000 a shekara. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar sefa 42,000 ne. Wato kan mace ɗaya ya cinye fiye da albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci.

A ce kuma ita wannan mace ta koma kitson gida sau biyu a wata a kan 500, ta sayi sabulu da man kaɗe na 500, ta bar salon sai ƙaramar Salla da babbar Salla. Wata goma a kan 1,500 sun ba da 15,000, zuwa salon sau biyu 15,000, jimla 30,000. Rarar ita ce 60,000 a shekara, jikka 5 kowane wata.

Jikka 5 ba ta cika ido, sai an aza ta a kan bashi mai ruwa. A 2013 hukumomin kuɗi na ƙasashen UEMOA suka ƙayyade cewa ruwan da ƙananan asusun ba da rance za su karɓa kada ya wuce kashi 24 cikin 100 a shekara, kimanin kashi 2 a wata. Wadda ake bi 100,000 a kan wannan ruwa, in tana biyan jikka 5 a wata, sai ta yi wata 26 kafin ta huta, ruwan da ta biya ya kai kusan 29,000. In ta haɗa da jikka 5 ɗin da ta tsira da ita daga salon, tana biyan jikka 10, cikin wata 12 ta gama, ruwan bai kai 13,000 ba. Bambancin ya fi shekara guda ta barci da ido ɗaya.

Fargabar bakin ƙofa

In lissafi kaɗai ne, da zance ya ƙare. Amma salon majalisa ce. A nan ake sanin wadda mijinta ya samu da wadda nata ya karye, wadda za a yi wa kishiya da wadda ta yi yaji. Mace mai bashi na shiga da tsoro iri uku.

Na farko tsoron farashi. A salon da dama babu allon kuɗi a bango. Sai an zauna, an jiƙa kai, an fara aiki, sannan a ce gashin ya yi yawa, meshi bai isa ba, sai an ƙaro ƙunshi guda, bakin gashi na son wani mai na musamman. Kai a hannun mutane, rabi a kitse rabi a tsefe, wa ke da bakin ciniki? Na biyu tsoron ido. Neman ragi a gaban ƙawaye tamkar shelar talauci ne, shi ya sa wasu ke biyan abin da aka ce suna murmushi, su fita su ranci kuɗin cefane. Na uku tsoron haɗuwa. Wadda uwar adashe ke bi zubi biyu, in aka gan ta ƙarƙashin kask, kafin la'asar labari ya kai. Wadda kuma ita mai salon ce ke bin ta, sai ta riƙa sake hanya don kada ta bi ta ƙofar shagon.

Abin mamaki, a waɗannan garuruwa mafi yawan mata da ɗankwali da hijabi suke fita. Kan da aka kashe wa jikka bakwai, masu ganinsa ba su wuce miji, kishiya da matan gidan biki ba. Amma idon waɗannan ƴan kaɗan ɗin shi ne mai nauyi. A gidan da ake da mata biyu ko uku, kitso kan zama fagen gasa, kuma gasar da ake yi da kuɗin aro ƙarshenta kuka. Kwaɗayi, in ji Hausawa, mabuɗin wahala.

Ita ma mai salon da nata kuka

Ba adalci ba ne a aza laifi duka kan mai salon. Tana biyan hayar shago da patanti, tana biyan kuran, tana ciyar da ƴan koyo, tana tsaye daga safe har dare, ƙafafu na kumbura. Littafinta kuma cike yake da sunayen waɗanda suka ce sai ƙarshen wata. Mace da yawa da mijinta ya mutu ko ya tafi ci-rani, da wannan sana'a take riƙe da marayu. Saboda haka mai rage zuwa salon, in akwai ragowar kuɗi a kanta, mutunci shi ne ta je ta faɗi halin da take ciki, su yanke abin da za ta riƙa kawowa kowane mako, ko da dala ɗari ce. Gujewa ba ta biyan bashi, zumunci kawai take kashewa. Addinin Musulunci ma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ya yi umurni da a rubuta bashi da ajalinsa, don gudun irin wannan ɓacin rai.

Abin da likitoci suka gano

Rage zuwa salon na da wata riba da ba ta kuɗi ba. Kitson da aka ja da ƙarfi, musamman in an ɗora masa nauyin meshi, yana cinye gashin goshi da na gefen kunne sannu a hankali. In abin ya daɗe, saiwar gashin ta mutu, ba mai da zai maido da ita. Wani bincike da likitocin fata suka buga a 2007 a kan mazauna wata unguwa ta birnin Kap, a Afirka ta Kudu, ya sami wannan zubar gashi ga kusan mace ɗaya cikin uku, kuma ta fi yawa ga masu ɗora kitso a kan gashin da aka miƙe da mai. Shi defirizan ɗin, iri-irinsa da yawa na ɗauke da soda mai ƙuna, shi ya sa yake sale fatar kai in ya daɗe. A watan Oktoban 2022 kuma, masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, bayan sun bi mata fiye da 33,000 na tsawon shekaru, sun ba da labarin cewa masu amfani da man miƙe gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi sauran kamuwa da sankarar mahaifa, fiye da ninki biyu. Binciken ya nuna alaƙa ce tsakanin abubuwan biyu, kuma ya isa ya sa mai hankali ta yi tunani. Malaman addini da yawa su ma sun daɗe suna hani ga ƙarin gashi, bisa hadisan da ke cikin Buhari da Muslim.

Dubarun mata

Matan wannan ƙasa ba baƙin dubara ba ne. A jihar Maraɗi ne, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda mata kamar talatin ke haɗuwa kowane mako, su zuba abin da suka iya cikin akwati, su ranta wa junansu, ƙarshen zango su raba. Tsarin nan da aka haifa a ƙauyukan Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Darasinsa ɗaya ne: ƙaramin abu in ya dawwama, ya fi babba mai yankewa. Haka abin yake ga kuɗin kai.

Masu iya tattali na tambayar jimlar kuɗi tun suna tsaye, kafin ruwa ya taɓa kai, su ce ga abin da suka zo da shi. Sukan sayo meshinsu da kansu a kasuwa, su wanke mai kyau su sake amfani da shi. Sukan tsefe su wanke a gida, su je da kai a shirye, da nasu matsefi, abin da ke kare su daga makero da ƙwarƙwata. Sukan kauce wa makon Salla da farashi ke hawa, su je tsakiyar mako da safe, lokacin da majalisa ba ta cika ba, ko su ba ƴar koyo kansu a kan rabin kuɗi. Sukan ɗaura kallabi mai santsi da dare don kitso ya ƙara kwana, ba tare da sun bar shi ya wuce makonni shida zuwa takwas ba. Sukan farfaɗo da kitson musaya tsakanin ƴan'uwa da maƙwabta. Abu mafi muhimmanci, kuɗin da aka tsira da su ba a barinsu a bakin zane, inda goro da kati na waya za su cinye su; ranar da ya kamata a je salon, ranar ake kai su ga mai bin bashi, a fara da bashin da ruwansa ya fi zafi.

Ina maza?

Kuɗin kitso, a al'adar Bahaushe, yana cikin ƙananan hakkokin da miji ke ɗauka. Magidancin da ke yaba kan matar wani a gaban tasa, alhali bai ba da ko dala ba, shi ne ya tura ta wurin mai rance. Wanda kuma ya ga matarsa ta koma zane na gida don a sauke nauyin da ke kan iyali, in ya gode mata ya yaba, ya cire mata rabin fargabar. Su ma mazan da nasu: askin kowane mako, turare, shayi da sigari, duk suna cikin littafi ɗaya. Gidan da ya sayi tondez guda ya isa a yi wa uba da ƴaƴa maza aski shekaru, ga kuma kariya daga cututtukan da reza ɗaya ke yaɗawa, irin su ciwon hanta.

Ba wanda ya ce mace ta zauna da kai a tsefe. Tsafta da ado hakkinta ne, mai bashi ma mutum ce. Magana dai ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Kitso komai kyansa makonni ne, sai a tsefe. Bashi kuwa ba ya tsufa, yana nan yana jira har ranar da aka biya shi.