Tsofaffin Zane-zanen Matafiya a Bangon Makaranta

A biranen Turai akwai masu sana'ar sayen tsofaffin littattafan matafiya, su ciccire zane-zanen da ke ciki, su sa wa kowane gilashi, su sayar don adon bango. Cikin waɗanda ake sayarwa har da na mutanen Melanisiya, watau tsibiran da ke arewa da gabashin Ostireliya, irin su Niyu Gini da Fiji da Banuwatu. Wani Bafaranshe ne, Dumont d'Urville, ya raɗa wa yankin wannan suna a 1832, ma'anarsa kuwa tsibiran baƙaƙe. Mai saye yana sha'awar gashin tsuntsu da wuri da māsu, amma da wuya ya tambayi ko su wane ne mutanen. To, mu ma wannan magana ta shafe mu, domin kakanninmu ma an zana su.

Kafin mutum ya gaskata irin wannan zane, ya kamata ya san hannuwan da ya ratsa. Matafiyi shi ke fara zanawa da fensir, sau da yawa cikin gaggawa. In ya koma gida sai wani gwani ya gyara, sa'an nan maƙeri ya karce siffar a kan farantin tagulla, a cusa tawada cikin karcen, a goge saman, a danna takarda mai laima. Na biyu da na uku galibi ba su taɓa ganin ƙasar ba. Sa'ad da Kyaftin Cook ya isa tsibiran Banuwatu a 1774, yana tare da mai zane, William Hodges. Da littafin ya fito a Landan a 1777, sai ga waɗansu mutanen tsibiran an ba su ƙira da tsayuwa irin ta gumakan Yunanawan dā, don abin da idon masu karcen ya saba da shi ke nan.

A ƙasarmu kuwa, Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Littafinsu shi da Denham ya fito a 1826, da zanen barade na Shehun Barno cikin sulke. Bayansa sai Barth, Bajamushe, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo Katsina da Kano a 1851. Littafinsa juzu'i biyar ne, an buga shi a 1857 da 1858, a ciki akwai surar Kano daga kan Dala. Barth ne ya yi zanen farko, amma Bernatz ne ya kammala shi a Jamus, aka buga da dutse maimakon tagulla.

Abin lura gare mu mutanen Daura shi ne, hanyoyin waɗannan matafiya ba su biyo ta cikin birninmu ba, ko da yake Barth ya ambaci Daura cikin tsofaffin garuruwan Hausa. Lokacin kuwa Fulani ke riƙe da birnin, zuriyar sarakunan dā suna Zango da Baure, har 1906 da aka mai da Malam Musa kan gadon. Saboda haka malamin da ya rataye surar baraden Barno ya ce wa yara ga kakanninku na Daura, ya koya musu abin da ba haka ba ne. Rawani ya bambanta da rawani, aska ma kowace ƙasa da irin tata.

Ba muna cewa a sauke zanen daga bango ba ne. In babu shi, da me za mu nuna wa yaro siffar Kano kafin zuwan na'urar ɗaukar hoto? Abin da muke roƙon malamai da akawuna shi ne, kada a rataye ko ɗaya sai an rubuta abu huɗu a ƙarƙashinsa: wurin, da shekarar, da wanda ya zana, da littafin da aka samo shi. Wanda ke da littafin kansa kuma kada ya yage shi, a ɗauki hoton shafin ya isa. A nisanta zanen da rana da laimar damina, a riƙa duba bayansa saboda gara.

Bayan haka a kai wa dattawa su gani. Masaƙi zai faɗi ko rigar saƙi ce ko kore, mai ɗinki ya nuna inda baƙon ya ɓata aska takwas, bafade kuma ya san wanda ya isa ya yi amawali. Abin da suka faɗa a rubuta, a liƙa kusa da zanen.

Daga ƙarshe, tun da baƙi ba su zana mu ba, aikin ya rage namu. Duk shekara ana hawan Sallar Gani a Daura, ga rijiyar Kusugu, ga kayan sarauta. Kowace makaranta tana iya tara hotunan tufafin gundumarta, da sunan kowace riga da na mai ɗinka ta da shekarar ɗauka. In mun yi haka, jikokinmu ba za su kalle mu yadda ake kallon mutanen tsibiran nan ba, fuska babu suna. Allah ya sa mu dace.