Me Ya Sa Tsumman Goge Sabuwar Bindiga Ke Fitowa Shuɗi?

Masu gasar harbi a Amurka suna da wata al'ada idan sun sayi sabuwar bindiga: su harba harsashi ɗaya, su goge cikin bututun, su sake harbawa, su sake gogewa. Meye dalili?

Harsashin zamani dalma ce sanye da rigar tagulla. Shi kuwa sabon bututu, duk sheƙinsa, akwai ɗan kaushin da injin ƙira ya bari a daidai inda harsashi ke fara shiga. Kaushin nan yana kankaro tagullar, zafi ya manna ta a bangon bututun. In ta taru, saiti ya fara kaucewa.

Ruwan gogewar yakan ƙunshi amoniya, wadda ke narkar da tagulla ta koma shuɗiya. Kenan tsumman shi ne ma'auni: idan shuɗin na raguwa, kaushin na lafawa.

Amma fa ba kowa ya yarda ba. Gale McMillan, shahararren maƙerin bututu, ya kasance yana ganin rage wa bututun kwana ne kawai. Inda ba jayayya: a tabbatar babu harsashi ciki kafin gogewa, kuma kar a bar amoniya ta daɗe kan ƙarfen.