Siffofin da Ba Sa Sauyawa a Wasan Rayuwa

A shekarar 1970 ne masanin lissafi ɗan Ingila, John Conway, ya ƙirƙiro Wasan Rayuwa, wanda Martin Gardner ya yayata a mujallar Scientific American cikin watan Oktoban shekarar. Fagen wasan shimfiɗa ce marar iyaka da aka yanka gida-gida kamar allon dara, kowane gida ko dai rayayye ne ko matacce, kuma yana da maƙwabta takwas idan aka haɗa da na kusurwoyi. A kowane zagaye, rayayyen gidan da ke da rayayyun maƙwabta biyu ko uku yana ɗorewa, wanda ya gaza haka ko ya zarce sai ya mutu, shi kuwa mataccen gida yakan rayu ne in rayayyu uku cif suka maƙwabce shi.

Daga cikin siffofin da wannan doka ke haifarwa akwai tabbatattu, wato waɗanda zagaye bayan zagaye suke zama yadda suke, babu gidan da ya mutu kuma babu wanda ya tsiro. Tabbatarsu ba ta nufin doka ta daina aiki, domin ana lissafa kowane gida a kowane zagaye, sai dai sakamakon ne ke fitowa iri ɗaya. Misali mafi sauƙi shi ne tubali, gidaje huɗu a dunƙule, biyu bisa biyu, inda kowannensu ke da maƙwabta uku don haka ba ya mutuwa, alhali babu mataccen gida a kewayensa da ke taɓa rayayyu fiye da biyu, balle ya rayu. Babu tabbatacciyar siffa da ta gaza gidaje huɗu, daga nan kuma sai kwalekwale mai biyar, amyar zuma mai shida da burodi mai bakwai. Cunkoso ma yana da iyaka, domin masanin lissafi Noam Elkies ya tabbatar cewa a fage marar iyaka, rayayyun gidajen irin wannan siffa ba za su wuce rabin gidajen fagen ba.

Muhimmancin tabbatattun siffofi ya fi bayyana wajen gina manyan tsare-tsare. Akwai wata mai gidaje bakwai da ake kira ƙugiya, wadda idan siffa mai tafiya ta faɗo mata ta fuskar da ta dace, sai ta haɗiye ta, ta ɗan gurɓace, sannan ta koma kamanninta cikin 'yan zagaye kaɗan. Da irinta ake tare siffofi masu tafiya da ke ɗauke da saƙonni da share tarkace, abin da ya taimaka aka iya gina na'urorin lissafi a cikin wasan kansa.