Likitan da ya kurɓi ƙwayar olsa da gangan

Idan mutum a Ɗankaza ko Wudil ya dafe ƙahon zuci ya ce olsarsa ta tashi, an san shawarar da za a ba shi: bar yaji, daina zama da yunwa, nemi madara ka sha. Har farkon shekarun 1980 manyan likitocin duniya ma ba su wuce nan ba. Cewa suke damuwa ce da yawan asid ke kawo olsa, kuma babu ƙwayar cutar da za ta rayu a tumbin mutum.

A 1979, Robin Warren, likita mai duba tsokar marasa lafiya a Asibitin Royal Perth da ke Ostiraliya, ya riƙa ganin wasu 'yan ƙwayoyi masu lanƙwasa maƙale a bangon tumbi. A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin shuka ƙwayar a ɗakin gwaji, ta ƙi tsirowa, domin bayan kwana biyu ake zubar da farantin. Da hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar wani faranti kwana biyar. Ana dawowa aka tarar ta tsiro. A cikin marasa lafiya 100 da suka duba, 13 na da gyambon olsa a farkon hanji, kuma duk 13 ɗin suna ɗauke da ita.

Duk da haka aka yi musu kunnen uwar shegu. Marshall ya gwada sa wa aladu cutar, ba ta kama su ba. Sai a 1984, yana ɗan shekara 32, ya sa aka leƙa tumbinsa da na'ura aka tabbatar lafiya lau yake, sannan ya ɗauko ƙwayar da aka samu daga wani majinyaci, ya dama ta cikin romo, ya shanye. Cikin 'yan kwanaki sai kumburin ciki, sai amai da sassafe, bakinsa na wari har matarsa ta koka. A kwana na 10 aka sake leƙawa, ga bangon tumbin ya kumbura, ga ƙwayar nan. Gani ya kori ji. Bayan mako biyu ya sha maganin kashe ta.

Dabarar ƙwayar, wadda aka raɗa wa suna Helicobacter pylori, ita ce tana fitar da sinadarin da ke dusashe asid ɗin da ke kewaye da ita, ta nutse cikin majinar da ke kare tumbi. A 2005 aka ba Warren da Marshall kyautar Nobel.

Labarin ya biyo ta Arewa. A 1992 wani likita, Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya wallafa cewa kusan mutum 85 cikin 100 da aka gwada jininsu sun taɓa haɗuwa da ƙwayar, galibi tun suna yara, amma yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ke nan a wurinmu gwajin jini ba ya bambance tsohuwar haɗuwa da cutar da ke ci yanzu. Gwajin bahaya ko na numfashi shi ne abin dogaro. In an same ta, mako biyu ake yi ana shan maganin rage asid irin su omeprazole haɗe da magungunan kashe ƙwaya.

A kuma tambayi mai ciwon olsa abin da yake haɗiya, domin diclofenac da ibuprofen da manomi ke saya a kyamis saboda ciwon jiki su ma suna huda tumbi. Wanda kuwa bahayarsa ta yi baƙi kamar kwalta, ko yake aman jini, ko yake rama, ba madara zai sha ba. A tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a leƙa cikinsa, kamar yadda aka leƙa na Marshall.